CUTAR KALA-AZAR A JIKIN MANYA: ALAMOMINTA DA HANYOYIN GANO TA, DA ABIN DA YA SHAFI ƘASAR FALGORE

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin shan magani na karkara a kudancin Jihar Kano, ko a Bebeji ne, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya san wani irin majiyyaci da ba ya yankewa. Baligi ne, namiji ko mace, yakan zo da zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya rame, idanunsa sun yi fari, cikinsa kuwa ya ɗaga ta ɓangaren hagu. Mutanen gida sun riga sun yanke hukunci cewa saifa ce, sau da yawa ma akan tarar da tabon tsagar wanzami a kan wurin. Lalle sun yi gaskiya cewa saifar ta kumbura, sai dai kumburin saifa alama ce kurum, cututtuka da dama ne ke kawo ta, kowace kuma da nata maganin.

Daga cikin waɗannan cututtuka akwai wadda ake kira kala-azar. Ba ta da yawa a ƙasar Hausa, wannan kuwa shi ne babban hatsarinta, domin abin da ido bai saba gani ba, zuciya ba ta saurin kawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 50,000 zuwa 90,000 ne ke kamuwa da ita kowace shekara a duniya, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Amma idan aka gane ta da wuri, mafi yawan masu ita suna warkewa sarai. Tsakanin rai da mutuwa ke nan, abin da ke rabawa shi ne a yi zargin cutar, sa'an nan a tabbatar da ita.

Asalin cutar da tarihin gano ta

Kalmar kala-azar daga harshen mutanen Indiya ta fito, ma'anarta baƙar cuta, saboda fatar wasu masu ita a can takan ƙara duhu. A shekarar 1900 wani likitan soja na Birtaniya mai suna William Leishman ya binciki saifar wani soja da ya kamu da zazzaɓi a barikin Dum Dum kusa da Kalkata, ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi da ba a san su ba, ya buga bayaninsu a 1903. A cikin shekarar kuma Charles Donovan ya ga irinsu a jikin majiyyata a Madaras. Sai Ronald Ross, wanda ya gano cewa sauro ne ke yaɗa maleriya, ya haɗa sunayen mutanen biyu ya raɗa wa ƙwayar suna Leishmania donovani. Tana da 'yar'uwa, Leishmania infantum, wadda ke zaune a jikin karnuka a ƙasashen Bahar Rum da Barazil.

Sai a 1942 aka tabbatar a Indiya cewa wani ɗan ƙwaro ne ke ɗaukar cutar daga jiki zuwa jiki. Jinsi ne daga cikin ƙananan ƙwarin nan da Hausawa ke kira ƙyashi. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ba ya kuka kamar sauro, ba ya tashi da nisa, tsalle-tsalle ya fi yi. Macen ce ke cizo, galibi daga magariba zuwa asuba. Ba a ruwa yake haihuwa ba, a ƙasa mai laima yake yi, cikin tsagar ƙasa, da ramukan ɓeraye, da suri, da tsagar bango. Idan ya ciji mutum, ƙwayoyin sukan shige cikin fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne cinye cuta, su hayayyafa a cikinsu, su tare a saifa da hanta da ɓargo da kaluluwa. Daga wannan taruwa ce dukkan alamomin cutar ke fitowa.

Inda cutar take, da hanyarta zuwa ƙasar Hausa

A da Indiya da Bangladash da Nefal su ne suka fi kowa fama da ita. Sun yi mata taron dangi, har a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Bangladash ta zama ƙasa ta farko da ta kawar da ita daga cikin matsalolin lafiyar jama'a. Yanzu mafi yawan masu cutar a gabashin Afirka suke: Sudan, Sudan ta Kudu, Habasha, Kenya da Somaliya. Tsakanin 1984 da 1994, lokacin yaƙin basasa, annobarta ta hallaka kimanin mutum 100,000 daga cikin 280,000 a yammacin lardin Nilu ta Sama a kudancin Sudan. A gabashin Sudan ƙwaron ya fi son dajin dushe da aduwa, a kan baƙar ƙasa mai tsagewa da rani.

A Afirka ta Yamma wadda aka fi sani ita ce 'yar'uwarta mai tsayawa a fata, mai kawo gyambon da ke daɗewa bai warke ba. An bayyana wannan a yankin Damagaram tun 1911, an kuma same ta a Sakkwato da wasu sassan arewacin Nijeriya. Ita kuwa mai shiga ciki jefi-jefi ake samunta. An ba da rahotonta a Gambiya, da Kuseri a arewacin Kamaru, da Nijar, musamman wajen duwatsun Azbin. Daga 2018 kuma aka riƙa samun masu ita a Chadi, har da lardunan Tibesti da Borku inda ake haƙar zinariya.

Ƙasar Falgore ba ta cikin wuraren da aka sani da yaɗuwar kala-azar. Abin da ya sa ya kamata a san ta a nan shi ne tafiye-tafiye. Dajin Falgore, wanda aka keɓe a 1948 da sunan Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a 1969, yana kan hanyar Kano zuwa Jos, kimanin kilomita 150 daga birni, kuma matattarar makiyaya ce masu zirga-zirga. Samarin yankin sukan fita cin rani, wasu har filayen zinariya na Sahara. Daɗin daɗawa, tsakanin Hausawa da Sudan akwai tsohuwar hanyar aikin Hajji ta ƙasa. Bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kuma akwai ƙauyukan Hausawa a lardin Gadarif, inda cutar ta fi ƙamari. Bayan ɓarkewar yaƙi a Sudan a watan Afrilu na 2023, ɗalibai da sauran 'yan Nijeriya da yawa sun dawo gida. Mutum yana iya ɗaukar cutar a can, ba ta bayyana ba sai yana ɗakinsa a Doguwa.

A nan ne batun manya ya shigo. A garuruwan da cutar ta daɗe, yara ta fi kwantarwa, domin manyansu da yawa sun taɓa haɗuwa da ita, jikinsu ya yi garkuwa. Amma baƙon da ya shiga irin wannan wuri, ko lebura ne, ko soja, ko makiyayi, ko mahaƙin zinariya, ba shi da wannan garkuwa komai shekarunsa. Haka ake gani a arewa maso yammacin Habasha, inda leburorin gonakin riɗi da ke saukowa daga tuddai suke cika asibitoci. Har ila yau ba duk wanda ƙwaron ya ciza ke kwanciya ba. Yunwa da cutar ƙanjamau, da duk abin da ke raunana jiki, su ne ke buɗe mata ƙofa.

Alamomin cutar

Daga cizo zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki wata 2 zuwa 6, wani lokaci kwana 10 kacal, wani lokaci fiye da shekara. Saboda wannan jinkiri majiyyaci ba ya danganta ciwonsa da tafiyar da ya yi, sai an tambaye shi.

Alama ta farko ita ce zazzaɓi mai tsawo, wanda ya wuce mako 2. Ba shi da tsayayyen lokaci. Yakan zo ya tafi, wani lokaci ya tashi sau 2 a yini guda, tare da gumin dare. Abin mamaki shi ne, da farko majiyyaci yakan ci abinci, yana yawo da ƙafarsa, har yana zuwa gona, alhali jikinsa na da zafi. Wannan ya bambanta shi da mai taifot, wanda ke kwanciya magashiyyan.

Ta biyu ita ce rama. Mutum yakan yi ta zubewa a hankali, hannuwa da ƙafafu su sirance, haƙarƙari su fito, ciki kaɗai ke girma. Ta uku ita ce saifa. Takan sauko daga ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ta yi tauri, ba ta cika yin zafi idan an taɓa ba, tana ƙaruwa wata bayan wata har ta wuce cibiya. Hanta ma takan kumbura, amma ba kamar saifa ba. A Sudan akan sami kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, abin da ba a cika gani a Indiya ba. Duhun fatar da cutar ta samo suna daga gare shi kuwa ba a cika ganinsa a Afirka ba, saboda haka ba abin dogara ba ne.

Ta huɗu ita ce ƙarancin jini. Da yake ƙwayoyin sun cika ɓargo, wanda shi ne masana'antar jini, saifar da ta kumbura kuma tana tsare ƙwayoyin jini tana lalata su, sai dukkan nau'o'in ƙwayoyin jini guda 3 su ragu. Raguwar jajaye ita ke kawo farin ido da haki da kasala. Raguwar farare ita ke barin jiki ba tsaro, tari da ciwon huhu da gudawa su samu shiga. Raguwar masu daskarar da jini ita ke kawo haɓo da zubar jini daga dasashi.

Idan ciwo ya yi nisa, ƙafafu sukan kumbura, idanu su yi rawaya irin na shawara, ruwa ya taru a ciki. Waɗannan alamu ne masu nuna cewa lokaci ya ƙure. Mafi yawan masu mutuwa wata cuta ce ke ƙarasa su, kamar ciwon huhu, ko tarin fuka, ko atuni, ko zubar jini, galibi cikin shekara 2. Ga mai ƙanjamau kuwa cutar kan zo da wata kama: saifa ba lalle ta yi girma ba, ƙwayoyin sukan shiga hanji da wasu sassan da ba a saba ganinsu ba, kuma ciwon yakan dawo bayan magani.

Cututtukan da ke kama da ita

Mai zazzaɓi da saifa a kudancin Kano, abin da ya fi yiwuwa shi ne wata cuta ce dabam ke damunsa. Wajibi ne a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko maleriya. Gwajinta na ɗan yatsa yana da sauƙi, zazzaɓinta kuma yakan sauka cikin kwana 3 idan an sha ingantaccen magani. Amma samun ƙwayar maleriya a jini bai kore kala-azar ba, domin a inda sauro ya yi yawa mutum yana iya ɗauke da biyun. Hukuncin shi ne: idan an yi maganin maleriya daidai zazzaɓi bai tafi ba, a sake tunani.

Ta biyu ita ce babbar saifar da maimaita kamuwa da maleriya ke jawowa. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Y. M. Fakunle da Brian Greenwood da Anthony Bryceson, sun yi bincike mai zurfi a kanta a shekarun 1970, sun kuma lura cewa ta fi yawa a cikin Fulani. Mai ita yana da ƙatuwar saifa da ƙarancin jini, amma ba ya cika yin zazzaɓi mai ɗorewa, saifar kuma takan ragu idan ya yi watanni yana shan maganin rigakafin maleriya.

Ta uku ita ce tsutsar ruwa mai shiga hanji da hanta, 'yar'uwar wadda ke kawo tsagiya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka buɗe noman rani a Kadawa da kewaye, mutane suka ƙara cuɗanya da ruwan da dodon koɗi mai ɗauke da ita ke zaune. Takan taurara hanta, ta kumbura saifa, har ta sa aman jini. Ana gano ta da ganin ƙwanta a bayan gida, da hoton ciki.

Ta huɗu ita ce bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, wadda mutum ke ɗauka ta shan madarar da ba a dafa ba ko ta taɓa mahaifar dabba. Tana kawo zazzaɓi mai zuwa da komowa, da gumi, da ciwon baya da gaɓoɓi. A ƙasar makiyaya irin Falgore ba a mantawa da ita. Bayan waɗannan akwai taifot, da tarin fuka mai bazuwa cikin jiki, da ƙanjamau, da ciwon hanta mai daɗewa, da sankarar jini. A wani nau'in sankarar jini mai kumbura saifar manya, fararen ƙwayoyi yawa suke yi fiye da kima, a kala-azar kuwa raguwa suke yi, saboda haka ƙidayar jini kaɗai tana raba su.

Matakan ganowa

Mataki na farko ba ya bukatar na'ura, tambaya ce. Ina ka je cikin shekara 2 da suka wuce? Wane aiki ka yi a can? A ina kake kwana, a ɗaki ko a fili? Alal misali, a ɗauka wani magidanci ya zo asibiti a Tudun Wada da zazzaɓin wata 2, ya sha maganin maleriya sau 3 da na taifot sau 2, saifarsa ta kai cibiya. Idan ba a tambaye shi ba, zagaye na shida na magani za a ba shi. Idan aka tambaya ya ce bara ya yi aikin gona a Gadarif, to, zance ya sake. Ƙa'idar da ake bi a gabashin Afirka ita ce a zargi kala-azar ga duk wanda ya zauna a yankinta, yake da zazzaɓi fiye da mako 2, tare da saifa ko rama ko kaluluwa, bayan an kawar da maleriya.

Mataki na biyu shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini da gwajin ƙanjamau. Raguwar nau'o'in nan 3 gaba ɗaya tana ƙarfafa zargi, amma ba ta yanke hukunci. Likitocin dā suna ɗiga sinadarin fomalin a ruwan jini, idan ya daskare ya yi fari kamar dafaffen ƙwai sai su yi zargin cutar. An bar wannan gwaji saboda wasu cututtuka ma suna sa haka.

Mataki na uku shi ne neman sinadaran garkuwa da jiki ke ƙerawa domin yaƙar cutar. Mafi sauƙi shi ne gwajin rK39, ɗan tsinke da ake ɗiga wa jini, a karanta shi cikin minti 10 zuwa 20. A Indiya yana kama kimanin kashi 97 cikin 100 na masu cutar, a gabashin Afirka kuwa kimanin kashi 85. Ma'ana, a Afirka idan ya nuna babu, ba a sallami majiyyaci a kan haka ba. Sai a koma ga gwajin dunƙulewa, wanda aka fito da shi a 1986, inda ake haɗa ruwan jini da matattun ƙwayoyin cutar masu launi, a bar su kimanin awa 18. Waɗannan gwaje-gwaje suna da iyaka. Sinadaran sukan zauna a jini shekaru bayan warkewa, saboda haka ba su nuna ko ciwo ya dawo. Lafiyayyen da ya taɓa haɗuwa da cutar yana iya nuna akwai, mai ƙanjamau kuwa yana iya nuna babu alhali yana da ita.

Mataki na huɗu, wanda shi ne yankan shakka, shi ne ganin ƙwayar da ido. Akan zuƙo ɗan ruwa da allura, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, kashi 2 zuwa 4 cikin 1,000 na milimita, tana da ɗigo babba da ɗan sanda ƙarami a ciki. Ruwan saifa yana nuna ta a kashi 93 zuwa 99 cikin 100, na ɓargo 53 zuwa 86, na kaluluwa 53 zuwa 65. Sai dai huda saifa yana iya jawo mummunar zubar jini a ciki, kimanin sau 1 cikin 1,000, don haka ba a yinsa sai ƙwararre, a inda ake da jinin ƙari da ɗakin tiyata, bayan an auna daskarewar jinin majiyyaci. A inda ba a saba da shi ba, ɗaukar ɓargo ya fi aminci. Akwai kuma gwajin zamani mai gano ƙwayar halittar cutar a jini, wanda sai manyan ɗakunan bincike. Irin waɗannan ayyuka na manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Aikin ma'aikacin karkara shi ne ya tura majiyyaci da wuri, ya rubuta tarihin tafiyarsa a takardar.

Dalilin nacewa a kan tabbatarwa

Ba a ba da maganin kala-azar a kan zato, domin magungunan suna da ƙarfi. A gabashin Afirka akan haɗa allurar sitibogulukonet da ta faromomaisin har kwana 17. Ta farkon tana iya taɓa zuciya, ta biyun tana iya taɓa ji da ƙoda. A Indiya ƙarin ruwa guda na maganin amfoterisin ya wadatar ga mafi yawan majiyyata. Ƙwayar miltefosin ta sha, wadda aka fara amfani da ita a Indiya a 2002, ba a ba mai ciki. Bayan warkewa kuma akwai sauran lura, domin a Sudan kimanin rabin waɗanda suka warke sukan fitar da ƙuraje ko tabo a fuska da jiki cikin wata 6. Waɗannan ƙuraje suna ɗauke da ƙwayar, ƙwaro yana iya ɗiba daga gare su, kuma akan ɗauke su a matsayin kuturta bisa kuskure.

Kammalawa

Ƙasar nan ta taɓa ganin amfanin bincike na tsanaki. A shekarun 1930 da 1940, lokacin da ciwon barci ya addabi Anchau, maƙwabciyar wannan yanki ta ɓangaren Zazzau, ma'aikata sun bi ƙauye-ƙauye suna taɓa wuyan mutane, suna huda kaluluwa, suna dubawa da madubi, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Kayan aikinsu kaɗan ne, amma sun san abin da suke nema.

Darasin ɗaya ne a yau. Ɗalibin likitanci ya riƙe cewa zazzaɓin da ya wuce mako 2 tare da saifa yana bukatar bincike, ba sauya magani ba, kuma tambayar tafiya ba ta cin ko kwabo. Ma'aikacin gwamnati mai kula da lafiya a ƙaramar hukuma ya tabbata akwai madubi mai aiki, da mai iya amfani da shi, da hanyar tura majiyyaci, da littafin da ake rubuta irin waɗannan ciwace-ciwace. Matafiyi zuwa ƙasashen da cutar take ya kwana cikin gidan sauro mai magani, ya guji kwanciya a ƙasa a dajin dushe da aduwa. Iyali kuwa su sani cewa tsaga a kan cikin wanda jininsa ba ya daskarewa ganganci ne, kuma kowane watan da aka ɓata ana jira, saifar ƙara sauka take yi.